Tausa bayan mura: abin da hannuna ke iyawa

Da zarar sanyi ya shigo, wayar shagona ba ta hutawa, kuma tambayar ɗaya ce: "Wai gaskiya ne tausa na hana mura?" Kullum nakan ce a'a. Mura mai tsanani, wadda likitoci ke kira infuluwenza, ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kuma abin da ke kare mutum shi ne allurar rigakafi ta kowace shekara, da yawan wanke hannu, da nisantar mai tari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara. Ciwon da ya kai haka ya fi ƙarfin mai da tafin hannu.

Shi ya sa raina ke ɓaci da masu tausar jiya-jiya, waɗanda suka kalli bidiyo biyu a waya suka buɗe shago. Suna tallar cewa za su "matse mura ta fita", su kwantar da mutum jikinsa rau da zazzaɓi, su murje shi, sannan na gaba ya hau zanen gadon nan ba a canja ba.

Aikina yana farawa ne bayan ciwo ya sauka. Wanda ya yi mako yana tari, naman da ke tsakanin haƙarƙarinsa yakan ɗaure, wuya ya sandare, kafaɗu su ɗage har kusa da kunne. Ba na kwantar da shi rub da ciki, don hanci na toshewa. A gefe nake kwantar da shi, filo tsakanin gwiwoyi. Sai in ɗumama mai a tafina, in fara daga ƙeya, in gangaro. A haƙarƙari kuwa babban yatsa kaɗai ke aiki, yana bin ramin da ke tsakanin ƙashi da ƙashi, kuma sai lokacin da mutum ke sakin numfashi nake dannawa. Minti 30 ya isa, jikin da ya sha jinya ba ya son a wahalar da shi.

Wannan taushin hannu wajen uwar ɗakina na koye shi. Ina sabuwar koyo, na taɓa danna bayan wata baiwar Allah da ƙarfi, ina ganin ƙwazo nake yi. Ta ɗage hannuna a hankali, ta ɗora nata, ta ce, "'Yata, saurari jikin tukuna, shi zai gaya miki inda ke ciwo." Wata guda ban taɓa kowa ba sai kallo.

Har yau akwai ma'aunin zafi a bakin ƙofata. Wanda ya kai digiri 38 gida zai koma, in ce ya ga likita da wuri, musamman tsoho ko mai juna biyu ko mai ciwon asma. Sauran kuma nakan roƙe su su bari mako ya cika, zazzaɓi ya bar su na awa 24 ba tare da magani ba. Wasu na fushi su tafi wajen masu arha. Da yawa kuma sukan dawo, su yi barci a kan gadon kafin in kai kafaɗa ta biyu.