Yadda Abba ya koma katifarsa

Ciki ne ya tilasta min. Abba yana da shekara biyu da rabi, an daɗe da yaye shi, amma har lokacin a jikina yake kwana, ƙafa ɗaya a kan cikina, hannu cikin wuyan rigata. Yayen ma da aka kai shi gidan kakarsa, jikin Hajiya ya koma, da ya dawo kuma ya ɗora daga inda ya tsaya. Da cikin ƙanwarsa ya fito sosai sai na yi lissafi: in na bari sai na haihu, ranar da jaririya za ta hau gadon ita ce ranar da za a sauke shi. Yaro ya san wanda ya ture shi, kishin ƙani kuma ba sai an koya masa ba. Ga shi ba a haɗa jariri shimfiɗa ɗaya da yaron da ke birgima cikin barci.

Hajiya ba ta ga dalili ba. "Ke 'yar nan, saurin me ake yi? Ai sai shekara goma aka ce a raba musu shimfiɗa." Hadisin da ke cikin Abu Dawud take nufi, wanda ya ce a umarci yara da salla suna shekara 7, a raba musu wurin kwana suna shekara 10. A fahimtata iyaka ya faɗa, bai hana a fara da wuri ba. Amma ba ni zan tsaya ina ja da suruka ba, Baban Abba na bar wa wannan aikin. Ƙarshenta cewa ta yi, "To, kar dai ku bar min miji shi kaɗai a ɗaki." A nan kam bakinmu ɗaya. Shawarar a rufe yaro a ɗakinsa ya yi ta kuka har ya gaji ba ta gidan haya ba ce, inda tarin maƙwabci ma ana ji ta bango, kuma ko gidan kaina ne zuciyata ba za ta ɗauka ba.

Saboda haka gadonsa bai wuce ƙaramar katifa ba, a ƙasa, gefen namu. Da shi muka je Kasuwar Sabon Gari ya nuna zanin gado mai hoton motoci. Na shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin saboda fitsarin kwance, na ɗaura masa gidan sauronsa daban, ina cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Gidan sauron nan ya yi min aikin da ban zata ba, don shi Abba ya ɗauka ɗakinsa ne. Har cewa yake sai an yi sallama kafin a shiga.

Dabarar da kowa zai ba ki ita ce ki goya shi, in barci ya ɗauke shi ki lallaɓa ki sauke a katifa. Tana kai ki zuwa tsakar dare ne kawai. Duk yaro yana ɗan farkawa cikin dare, manya ma haka, sai dai mu muna juyawa mu koma. Wanda ya yi barci a bayan uwarsa ya buɗe ido ya gan shi shi kaɗai, daidai yake da ki kwanta a ɗakinki ki farka a tsakar gida: dole ki tashi neman ba'asi. Abin da na gane ke nan, kuma a kansa komai ya tsaya. Inda ake so yaro ya wayi gari, nan ya kamata barci ya same shi, idonsa biyu lokacin da aka kwantar da shi.

Sai na tsayar da abubuwa a jere, kullum iri ɗaya. Tuwo bayan magariba, wanka, goge haƙori, zama a fo. Ana idar da isha'i ya shiga gidan sauro. Tatsuniya ɗaya, ba ƙari. In na ce "Ga ta nan ga ta nanku" ya amsa "Ta zo mu ji ta", in na kai "ƙurunƙus" ya san an rufe. Daga nan addu'a. Ya haɗa 'yan tafukansa, in karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ya tofa, yawu ya fi iska yawa, ya shafe fuska da ciki da gwiwoyi yana dariya. Ya bi ni da "Bismika Allahumma amutu wa ahya" yadda harshensa ya iya. Sannan in miƙa masa tsohon zanin goyonsa, wanda ya koɗe, ya rungume. Hannun da ya saba neman wuyan rigata a nan ya samu abin riƙewa.

Da farko a tabarma nake zama gefensa, hannuna ta ƙarƙashin gidan sauro a kan bayansa. Ya yi kuka, ba zan ɓoye ba, amma kukan wanda uwarsa ke kusa ne, na fushi, ba na tsoro ba. Da ya saba na janye hannun. Daga baya na koma bakin gado, sannan bakin ƙofa. Ƙarshe sai in ce, "Bari in rufe tukunya in dawo," kuma lallai in dawo kafin ya kira. Wannan dawowar ita ce jarin. In kika ce za ki dawo kika sulale, gobe idonsa na kanki.

Uzurori kam an sha su. Ruwa. Fitsari, alhali yanzu ya sauka daga fo. "Mama, ƙafata." Amsata ɗaya ce, murya ƙasa: "Dare ya yi, Abba, barci." In ya hauro gado cikin dare sai a ɗauke shi a mayar, ba fitila, ba hira, ba faɗa. Babansa ya fi ni iya wannan, don shi ba ya tsayawa rarrashi mai tsawo, kuma yaron ya san ba a ciniki da shi.

Abin da na hana kowa a gidan, har ƙanwar maigida da ke zaune da mu, shi ne maganar dodo. Mun saba da "yi barci ko dodo ya zo", kuma tana sa yaro ya yi lamo a lokacin. Amma wanda aka ce masa akwai abin da ke yawo cikin duhu, da wane baki za a ce masa ya kwana shi kaɗai? Tatsuniyar dare ma na tace ta. Gizo da Ƙoƙi suna nan da wayonsu, kura mai cinye mutane kuwa sai da rana.

Rabin rigimar dare da rana ake ƙulla ta. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce yaro mai shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini da dare, mai 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13, har da na rana a ciki. In Abba ya yi barci bayan la'asar, to ya ci daga kason dare, ƙarfe goma sha ɗaya zai yi yana tsalle a katifa. Na mayar da barcinsa bayan azahar. Wayar babansa kuma daga magariba ta haramta gare shi.

An samu koma-baya. Da zazzaɓi ya kama shi a damina, jikina na dawo da shi, don ina son in riƙa jin zafin jikinsa cikin dare. A zafin Afrilu, in an ɗauke wuta, duk a tsakar gida muke kwana, sai dai katifarsa da gidan sauronsa ake fitowa da su. Azumi ma ya hargitsa lokaci, ga tarawihi ga tashin sahur. Kowane karo sai an ɗan koma zaman tabarma, amma bai taɓa kai wahalar farko ba.

Asuba ce kaɗai na sallama masa. Da babansa ya fita masallaci sai in ji ya ɗaga gidan sauro, ya jawo zanin goyon nan a ƙasa, ya hau gurbin da aka bari, ta ɗaya gefen nesa da jaririya. Baban Abba ya ce a hana. Na ce in dai an kira salla, gari ya waye.