Neman haya a Bahra da kare a hannu

Da aka rushe tsofaffin unguwannin Jidda a 2021 da 2022, irin su Gulail da Karantina inda Hausawa suka daɗe da zama, kuɗin haya ya tashi a sauran gari. Mutanenmu da dama suka fita bayan gari. Ni Bahra na nufa, wadda ke kan tsohuwar hanyar Makka, kusan tsakiya tsakanin Makka da Jidda. Mutum ya kwana can, ya yi sammako zuwa aiki. Jirgin ƙasa na Haramain ba ya tsayawa a garin, don haka wanda ba shi da mota zai sha wuya.

Matsalata kare ne. Na yayana ne, shi yake gadin garken tumakinsa, da ya sayar da dabbobin ya koma Kano sai ya bar min shi amana.

A manhajar Aqar da Haraj ban ga tallan gida ko ɗaya da ya ambaci kare ba, balle a ce an yarda da shi. Sai ka buga waya. Ana cikin hira mai daɗi, kana cewa "ina da kare" sai murya ta canza. Duk da haka tun farko nake faɗa, kafin dillali ya ɗauko makulli, domin kare ba abin ɓoyewa ba ne; daren farko zai tona maka asiri.

Wani dattijo Bahaushe da aka haifa a Makka, muna salla masallaci ɗaya, shi ya gyara min tafiya. Ya ce, "Ɗana, kada ka kuskura ka ja mai gida da zancen mazhaba." Yana da gaskiya. Mu Malikiyya muka taso, a wurinmu kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya lasa sau bakwai bin umarni ne kawai. A nan kuwa Hambaliyya ta fi yawa, yawun kare najasa ne mai kauri. Kana iya kawo hujja har gobe, gidan dai nasa ne. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne hadisin da ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona. To, nuna masa karenka ma'aikaci ne, kuma ba ya kwana ɗaki.

Wannan ya sa na daina kallon gidajen bene gaba ɗaya. Matakala ɗaya ce da maƙwabta, yara na hawa da sauka, mai salla na tsoron a shafi rigarsa. Na koma neman gidan ƙasa mai tsakar gida da ƙofarsa daban, a gefen gari. Wanda na samu tsoho ne, fentinsa ya ɓare, amma akwai bishiyar darbejiya a kusurwa, kuma mai gidan yana da sito a jikin katanga da yake son a riƙa gadi. Nan muka daidaita.

Yarjejeniya a Ejar, dandalin gwamnati na rajistar haya, ake yin ta, sai da igama (takardar izinin zama) mai rai, kuma la'adar dillali kashi 2.5 cikin ɗari ce na hayar shekara. Ban tsaya nan ba. Na sa mai gidan ya rubuta a takarda cewa ya yarda da kare a tsakar gida, ya sa hannu, dillali ya shaida. Ya yi dariya, ya ce ban yarda da shi ba ne? Na ce na yarda, magada nake tsoro.

Sauran aikin na maƙwabta ne da zafin rana. Na bi su gida-gida na yi sallama kafin su ji haushi su zo da kansu. Da rani kuwa siminti na ƙona ƙafar kare, sai na kafa masa rumfa, na zuba yashi, ina canza ruwa safe da yamma. Fita da shi sai bayan isha, da igiya, ta hanyar da ba ta bi ta ƙofar masallaci ba.