Ashe ganyen kale ma ana gasa shi

Ni fa dariya na yi ranar da ƙanwata ta ce min wai ganye ake gasawa a ci kamar cincin, na ce ke dai kin cika son abin Turawa. Kale ɗin nan ɗan uwan kabeji ne, sai dai shi ba ya dunƙulewa, mu daga Jos ake kawo mana shi.

Na wanke, na zare jijiyar tsakiyar nan don tauri gare ta, na yayyaga da hannu. Wajen tsanewar nan aikin yake, wallahi karon farko gaggawa na yi ban bari ruwan ya tsane ba sai ga shi ya fito laƙwas kamar zogalen da za a yi kwaɗo, haushi kamar me. Yanzu da tawul mai tsabta nake goge shi tas, sannan man zaitun cokali 1 in murza da hannu, gishiri ɗan mitsitsi don ganyen ƙanƙancewa yake yi. Har yajin ƙuli nake barbaɗawa.

Ki baza a tire kar wani ya hau kan wani, oben digiri 150, minti 15 zuwa 20, amma daga minti 12 ki tsaya a wurin, da ya yi ruwan ƙasa ɗaci zai yi.

Bitamin K gare shi sosai, shi ya sa ban ba Baba ba tunda yana shan warfarin, maganin hana jini daskarewa wanda bitamin K ke rage wa ƙarfi, sai ya tambayi likitansa. Yara kam ƙurus-ƙurus suka cinye tun a tiren.