Darasin da na gina a kan Twitter

Ranar Alhamis na miƙa makullin ofis. Ina kwashe takarduna sai ga bugun farko na darasin hulɗa da jama'a ta intanet, wanda na yi wata huɗu ina haɗawa, duk ƙura ta rufe shi.

A farkon 2021 aka ɗora mini aikin. Lokacin zancen EndSARS na Oktoban 2020 bai bar bakin mutane ba, kowa ya ga yadda hukumomi suka rasa ta cewa, matasa na juya su a Twitter. Ni kuwa na ɗauka duniya a Twitter ta tsaya. Cikin makonni goma sha biyu da na tsara, takwas Twitter ne: rubuta sanarwa cikin haruffa 280, amsa ƙorafi a bainar jama'a, kare sunan kamfani idan rigima ta taso. Kowane ɗalibi zai buɗe shafi, a kansa za a ba shi maki.

Ba mu yi nisa ba gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a watan Yuni, har ana barazanar gurfanar da masu shiga ta VPN, manhajar kewaye toshewar. Ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Na tsaya gaban aji da takarda a hannu, ba abin koyarwa. Wata ɗaliba daga baya ta ɗaga hannu, ta ce, "Malam, ni fa ko kafin a rufe ban taɓa shigarsa ba. Yayata da ke sayar da atamfa a Sabon Gari a WhatsApp take samun masu saye." Na ce masu Twitter su ɗaga hannu. Ba su cika benci biyu ba. Wata huɗu ina rubutu, ban taɓa tambayar yaran me ke cikin wayoyinsu ba.

A taron sashe shugabanmu ya dube ni ya ce, "Malam, ai da ka kawo mun duba maka." Tun watan Maris na kai masa, da hannunsa ya sa hannu. Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Abin yana nan a maƙogwarona har yau.

Yajin aikin ASUU na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, a ɗakina na Tudun Wada na cinye shi ina sake rubutu, wani lokaci da fitilar waya. Na mayar da makonnin kan aikin kansa: wa kake yi wa magana, me za ka faɗa a awa ta farko bayan ɓarna, yaya ake kashe jita-jitar da ke yawo a saƙon murya. Facebook da WhatsApp da rediyo suka koma misalai kawai. Bidiyo ma na cire, don data yake cinye wa yara.

Da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da sabon tsarin karatu mai suna CCMAS a Disambar 2022, ta bar wa jami'o'i kashi 30 cikin ɗari su cike da nasu, wannan rubutun sashe ya miƙa. Sunan shugaba ne a sama, nawa na uku. Wanda zai gaje ni, duk takardar da ka kai ofishin, riƙe kwafi mai kwanan wata.

A Yulin 2023 Twitter ya koma X. Na buɗe sabon bugun, layi biyu kacal na gyara. Shi na bari a kan tebur. Tsohon kuwa na kakkaɓe shi, na sa a kwalina.