Wane Wata Ya Fi Dacewa a Ziyarci Kuala Lumpur?

Duk wanda ya tambaye ni lokacin da ya fi dacewa ya je Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, abin da yake so ya ji shi ne watan da ba a ruwan sama. Amsar da nake ba shi ita ce babu irin wannan wata. Birnin yana kusa da layin da ya raba duniya gida biyu, don haka ba shi da rani mai tsawo kuma ba shi da hunturu, zafinsa yana kaiwa da komowa ne tsakanin kimanin digiri 23 da dare da 33 da rana, daga Janairu har Disamba. Abin da ke sauyawa shi ne yawan ruwan, kuma a ganina kalandar bukukuwan birnin ta fi jadawalin ruwan sama amfani ga mai shirin tafiya.

Duk da haka, ruwan yana da nasa lokutan ƙarfi. Ya fi sauka a Maris da Afrilu, sannan daga Oktoba zuwa Disamba, yana ɗan lafawa a Yuni da Yuli. Al'adarsa ita ce ya bar wa mutane safiya, hadari ya haɗo bayan azahar, a kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya da tsawa mai firgitarwa, bayan awa ɗaya ko biyu kuma gari ya washe. Wata la'asar ruwa ya tsare ni a ƙarƙashin rumfar masallacin Jamek, wanda aka buɗe a 1909 a daidai inda kogunan Klang da Gombak suka haɗu, ina kallon yadda ruwan kogin ya koma ja, ya cika ya batse cikin ɗan lokaci kaɗan, sai na gane dalilin da ya sa sunan birnin yake nufin mahaɗar ruwa mai laka. Hukumomi sun ɗauki wannan al'amari da muhimmanci, har suka haƙa ramin SMART mai tsawon kilomita 9.7 wanda aka buɗe a 2007, motoci suna bi ta wani sashe nasa a ranakun da babu matsala, idan ambaliya ta taso kuma a rufe shi ga motoci a karkatar da ruwa ta ciki. Ambaliyar Disamban 2021, wadda ta yi ɓarna mai yawa a yankin kwarin Klang, wato birnin da kewayensa, ta nuna cewa ƙarshen shekara ba lokacin sakaci ba ne.

Abin da na fi jin tsoronsa fiye da ruwa shi ne hayaƙi. A wasu shekaru, tsakanin Agusta da Oktoba, iska tana kwaso hayaƙin gobarar daji da ƙone-ƙonen gonaki daga tsibirin Sumatra na Indunusiya ta lulluɓe birnin, kamar yadda ya faru a 1997 da 2015 da 2019, har aka rufe makarantu a wasu yankuna. Ba kowace shekara ake samun haka ba, amma mai ciwon asma ko mai tafiya da ƙananan yara ya kamata ya yi la'akari da shi kafin ya yanki tikitin Satumba.

Lokacin da na fi so, wanda kuma nake ba kowa shawarar ya nema, shi ne rabin ƙarshe na watan azumi. Tun daga la'asar ake kafa kasuwannin buɗa-baki a unguwanni, kuma wadda ta fi kwanta mini a rai ita ce ta Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayawa mai gidajen katako wadda tagwayen benayen Petronas, masu tsayin kusan mita 452, suke leƙowa daga samanta. Hayaƙin gawayi yana tashi daga inda ake gasa kazar da suke kira ayam percik ana shafa mata miyar madarar kwakwa, ga masu soya murtabak, wani fanke mai nama da ƙwai a ciki, ga manyan randunan roba cike da air bandung, wato madara da ruwan fure mai launin hoda. Ba Musulmi kaɗai ke cika layukan ba, domin Sinawa da Indiyawan birnin ma suna zuwa sayen abincin darensu. A masallacin unguwar ana dafa bubur lambuk, faten shinkafa da nama da kayan ƙamshi, a cikin manyan tukwanen da sai da doguwar muciya ake juya su, a ƙulla a leda a raba kyauta. Na taɓa tsayawa a wannan layi, wani dattijo da ya lura baƙo ne ni ya miƙo mini ƙulli biyu ba tare da ya ce uffan ba, ledar tana da zafin da sai da na riƙa sauya hannu har na sami wurin zama. Rana tana faɗuwa bayan ƙarfe bakwai a kusan duk shekara, saboda haka tsawon azumi ba ya sauyawa sosai ko da wane wata ya faɗo. Bayan tarawihi sai jama'a su nufi titin Tuanku Abdul Rahman sayen kayan Sallah har cikin dare.

Akwai abin da baƙo ya kamata ya sani game da ranar Sallar kanta, wadda suke kira Hari Raya Aidilfitri. Yawancin Malayawan birnin suna da garuruwan asali, kuma kwana biyu ko uku kafin Idi sukan yi ɗango zuwa gida, abin da suke kira balik kampung, manyan hanyoyi su cushe, birnin kuma ya yi tsit, shaguna da yawa a rufe. Wanda ya sauka ranar Sallah yana tsammanin hidima zai iya jin an bar shi a baya. Sai dai idan ya yi haƙurin mako guda, zai tarar da al'adar rumah terbuka, wato buɗe gida ga kowa, wadda ake ci gaba da yi kusan duk watan Shawwal, inda iyalai da ma'aikatu har da shugabanni suke shimfiɗa rendang, naman da aka dafa da madarar kwakwa, da ketupat, dunƙulen shinkafa a cikin saƙaƙƙen ganye, da lemang, shinkafar da ake dafawa a cikin gora, yara kuma suna karɓar barka da Sallah a koren ambulan.

Watannin Janairu da Fabrairu su ne zaɓina na biyu, kuma suna da falalar ƙarancin ruwa idan aka kwatanta da watannin da suka gabace su. A nan ne bikin Thaipusam na Tamilawa mabiya addinin Hindu yake faɗowa. Ana jan keken azurfa daga wurin ibada na Sri Mahamariamman da ke tsakiyar birni zuwa kogon Batu a arewacinsa, dubun dubatar mutane suna biye a ƙafa cikin dare, sannan su hau matakala 272 da ke gefen mutum-mutumin Murugan, abin bautarsu, mai tsayin mita 42.7, wasu ɗauke da tulunan madara a ka, wasu da kavadi, wato wani ƙawataccen kaya mai nauyi, a kafaɗa, wasu kuma sun soke fata da ƙugiyoyi don cika bakance. Wannan ibadar mutane ce a wurinsu, don haka mai zuwa kallo ya sa sutura ta mutunci, ya ba masu hawa hanya, ya kuma hau jirgin ƙasa na KTM Komuter tun da asuba, domin mota ba ta da inda za ta bi. Sabuwar shekarar Sinawa ma tana zuwa a wannan tsakani, wurin ibada na Thean Hou ya cika da jajayen fitilu, a yi rawar zaki da ganguna a manyan kantuna, ko da yake shagunan Sinawa da dama suna rufewa a kwana biyun farko. Da yake watan azumi yana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, a 2026 ya kama ne a mako ɗaya da sabuwar shekarar Sinawa, kuma a shekarun da ke biye zai ci gaba da faɗowa kusa da waɗannan bukukuwa, ta yadda tafiya guda za ta iya haɗa biyu.

Sauran shekarar ma ba ta rasa abin gani. Ranar 31 ga Agusta ake bikin samun 'yancin kai na 1957, faretin kuma a wasu shekaru ana yin sa a dandalin Merdeka, a wasu a Putrajaya, birnin ma'aikatun gwamnati da ke kudu da Kuala Lumpur, don haka a bincika kafin a fita. Deepavali, bikin fitilu na mabiya addinin Hindu, yana haska unguwar Brickfields a Oktoba ko Nuwamba, amma a tsakiyar ruwa. Wanda kuma bai damu da biki ba, yana son yawo ne kawai a ƙafa, Yuni da Yuli sun fi masa, kuma a lokacin ne 'ya'yan itacen durian masu ƙayoyi a ɓawo suke cika rumfunan bakin titi, ga wanda hancinsa zai iya jure warinsu.