Abin da binciken sauyin yanayi da rikici ya koya mini

Yanzu da na ajiye aiki a cibiyar binciken da na yi wa hidima, ina ganin ya dace in faɗi abin da na ɗauka daga nazarin alaƙar sauyin yanayi da rikicin makamai, domin masu shigowa wannan fage su san irin matsin da ke jiran su. Darasi mafi nauyi daga shugaban sashenmu na same shi, kuma har yau bai daina yi mini ciwo ba.

An ba mu aikin rahoto a kan yankin Tafkin Chadi. Labarin da kowa ya haddace shi ne cewa tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya ƙafe da kusan kashi 90 cikin 100, masunta da manoma suka rasa abin yi, matasa suka ɗauki bindiga. Nawa rabon shi ne in gwama hotunan tauraron ɗan Adam da bayanan hare-hare, shekara da shekara. Abin da na gani masana ruwa sun riga sun san shi: babban ƙafewar ya faru ne a farin shekarun 1970 da 1980, kuma tun daga shekarun 1990 ruwan yana hawa da sauka ne, bai ci gaba da janyewa ba, alhali tayar da ƙayar bayan Boko Haram a 2009 ta ɓarke, kuma a cikin birnin Bauchi ta fara kafin ta kai Maiduguri. Abin da ke gallaza wa mutanen bakin tafkin shi ne rashin tabbas, wato damina da ba a san ranar faɗuwarta ba da ambaliyar da ke cinye shuka, sannan aka ƙara musu da rufe kasuwanni da hana cinikin kifi da sunan tsaro. Na rubuta wannan duka a babi guda.

Babin ya dawo mini an ja masa jan biro daga kusurwa zuwa kusurwa, shafi bayan shafi, ba tare da gyaran lissafi ko ɗaya ba. Da na shiga ofishin shugaban sashen na ce, "Ranka ya daɗe, a ina kuskuren yake?" sai ya amsa cewa masu ba da tallafi ba su biya mu don mu gaya musu lamarin yana da sarƙaƙiya ba. Rahoton ya fito da hotunan nan biyu na tafkin, cikakke da ƙafaffe, a bangonsa, babina ya koma jimla ɗaya a ƙasan shafi, sunana kuma yana cikin marubuta duk da na nemi a cire shi. Da aka raba aiki na gaba, ba a sa ni ba.

Ba zafin rai kaɗai ya sa nake nanata wannan ba. Duk lokacin da aka ce fari ne ya haddasa yaƙi, an sauke nauyi daga wuyan waɗanda suka yanke shawara aka ɗora wa sararin sama, wanda ba kotun da za ta iya gurfanar da shi. A 2007 Ban Ki-moon, yana Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya rubuta cewa rikicin yankin Darfur na Sudan ya samo asali ne daga matsalar muhalli da sauyin yanayi ke da hannu a cikinta. Amma ba fari ne ya ba mayaƙan sa-kai na Janjawid makamai a 2003 ba, gwamnatin Khartoum ce. Haka aka yi ta danganta yaƙin Siriya da farin da ya gabace shi, ana mantawa da cewa a 2008 gwamnati ta janye tallafin dizal, farashinsa ya ninka sau uku a kan manoman da da shi suke ɗago ruwan ban-ruwa. Farin ya shafi Jodan da Lebanon, amma yaƙin basasa bai tashi a can ba.

Ban taɓa cewa yanayi ba shi da hannu ba, kuma wannan ne sharrin da aka fi yi mini a bayan ido. Wani nazari da mujallar Nature ta buga a 2019, wanda ya haɗa masanan da suka daɗe suna sa-in-sa, ya ƙiyasta cewa yanayi ya shafi tsakanin kashi 3 zuwa 20 cikin 100 na haɗarin rikici a ƙarnin da ya wuce, ya kuma sanya talauci da raunin gwamnati da fifita wata ƙabila a kan wata da tarihin tashin hankali a gaba da shi, tare da gargaɗin cewa rabonsa zai ƙaru idan zafi ya ƙaru. A kan wannan matsayi na tsaya, kuma a kansa aka hukunta ni.

Sauran darussan gajeru ne. Bayanan hare-hare daga jaridu ake tattaro mafi yawansu, saboda haka ƙauyen da ɗan jarida bai kai gare shi ba zai bayyana a taswira kamar yana zaune lafiya. A arewacin Kenya an gano cewa satar shanu ta fi muni da damina, lokacin da dabbobi suka ƙoshi kuma ciyawa ke ba ɓarayi mafaka, don haka kada a ɗauka cewa ƙarancin ruwa ne kaɗai ke kawo faɗa. Wuraren da fari ya yi tsanani amma mutane suka sasanta kansu sun cancanci nazari kamar wuraren da aka zubar da jini. Sannan kafin ka fara kowane aikin tallafi, ka nemi a rubuta maka a takarda cewa kana da ikon janye sunanka daga rahoton da aka sauya masa sakamako.