Aikin titi da kwalbati a Katsina: daga gwajin ƙasa zuwa miƙa aiki

Aikin titi a Katsina da lissafin damina ake tsara shi. Haƙa da zuba marmara su ƙare kafin Yuni, don in ruwan Agusta ya tarar da rami a buɗe, wahalar wata biyu ta koma laka. A fara da gwajin ƙasa, a biya diyyar gonaki tun katafila ba ta shigo ba.

Kankaren kwalbati kuwa, ma'aunin 1:2:4 (siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu), a jiƙa shi kullum aƙalla kwana 7. Zafin Afrilu na shanye ruwansa, sai ka ga ya tsattsage kamar busasshen tafki. Ana gwada ƙarfinsa a kwana 28.

Ranar miƙa aiki a karɓi zanen yadda aka gina, a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila sai damina ɗaya ta bi ta kan titin.